Dalilin da ya sa shafukan intanet ke wahalar da masu wayar hannu, da hanyoyin gyara su

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin rajista, ko biyan kuɗin ƙungiya, ko neman wata sanarwa ta wayar hannu, ya san irin wahalar da akan sha. Shafi zai buɗe da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an sa yatsu biyu an faɗaɗa shi kafin a iya karantawa. Mutum zai danna wani maɓalli, sai na kusa da shi ya amsa. Zai cike fom har ya kusa kammalawa, ya fita don duba lambar da aka turo masa ta saƙon tes, kafin ya dawo komai ya goge.

Galibi akan ɗora laifin a kan netwok, ko a kan wayar, ko ma a ce mai wayar ne bai iya ba. Sai dai a lokuta da dama matsalar tana can wajen ginin shafin. An tsara shi ne a kan babbar kwamfuta, a ofis mai intanet mai ƙarfi, kuma ba a taɓa gwada shi a kan irin wayar da yawancin jama'a ke riƙe da ita ba.

Batun ya shafi ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na gama-kai, da na manoma da 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin cigaban garuruwa waɗanda ke buɗe shafuka domin mambobinsu. Haka kuma ya shafi makarantu da hukumomin gwamnati.

Me ya sa batun ya fi muhimmanci a Najeriya?

A ƙasashen Turai da Amurka, mutane da dama sun fara sanin intanet ne ta kwamfutar gida ko ta ofis, daga baya waya ta zo. A Najeriya kuwa, ga akasarin jama'a, waya ce ƙofar farko, kuma ita kaɗai ce ƙofar.

Kafin a fara aiki da layukan GSM a watan Agustan 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A yau alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na nuna cewa layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Amma yawan layuka bai nuna ƙarfinsu ba. Shirin Ƙasa na Faɗaɗa Intanet Mai Sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100, alhali zuwa ƙarshen 2024 ba a kai kashi 50 ba. A daidai wannan lokaci, kimanin kashi 40 cikin 100 na layukan ƙasar suna kan tsohon tsarin 2G, yayin da 5G, wanda aka fara a 2022, bai kai kashi 5 ba.

Ga kuma tsadar data. A watan Janairun 2025, NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Ma'ana, duk shafin da ke cin data fiye da kima, daga aljihun mai ziyara yake ci.

Duk da haka, harkoki na ci gaba da komawa intanet. Hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin fara rajistar masu zaɓe a watan Yunin 2021. Asusun ba ɗalibai lamuni, NELFUND, ya buɗe nasa shafin neman lamuni a watan Mayun 2024. Neman aiki, da neman gurbin karatu, da neman tallafi, duk sun bi wannan hanya. Wanda shafi ya ƙi buɗe masa a waya, ko dai ya haƙura da haƙƙinsa, ko ya biya kuɗin mota ya tafi shagon intanet.

Zuwa shagon ma yana da nasa haɗarin, domin mutum kan miƙa wa wanda bai sani ba lambarsa ta NIN ko ta BVN, wani lokaci har da kalmar sirrinsa, don a cike masa fom.

Yadda duniya ta sauya salon gina shafuka

A farkon zamanin intanet, faɗin allon kwamfuta ake aunawa a gina shafi. Da wayoyi masu shiga intanet suka yawaita, sai kamfanoni suka riƙa gina shafi biyu, babba na kwamfuta da ƙarami na waya. Wannan ya ninka aiki, kuma sau da yawa akan bar na wayar babu cikakken bayani.

A shekarar 2010, wani mai tsara shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya fito da tsarin da a yau ya zama ruwan dare: a gina shafi guda wanda zai riƙa daidaita kansa da girman kowane allo. Idan a kwamfuta aka buɗe shi, bayanai su jeru gefe da gefe. Idan a waya ne, su sauko ɗaya ƙarƙashin ɗaya, hotuna su ragu daidai faɗin allon.

A watan Afrilun 2015, kamfanin Google ya fara fifita shafukan da ke aiki da kyau a waya cikin sakamakon binciken da ake yi ta wayar hannu. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya bayyana cewa a watan Oktoban 2016, a karon farko, shiga intanet ta waya da ƙananan alluna ya zarce na kwamfuta a duniya. Zuwa 2023, Google ya sanar da kammala komawa tsarin da ke duba fasalin waya na kowane shafi kafin ya tantance matsayinsa.

Darasin da masu sana'ar suka ɗauka shi ne a fara tsara shafi domin ƙaramin allo, sannan a faɗaɗa shi zuwa babba. Wanda ya fara da ƙaramin allo dole ne ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci, tun da wurin ba zai ɗauki komai ba.

Faɗin allo da girman rubutu

Ana auna faɗin shafi da ma'aunin da ake kira fiksel. Yawancin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suna nuna shafi ne a faɗin fiksel 360 ko kusa da haka. Idan mai gina shafi bai sa umarnin da ke sanar da waya ta yi amfani da ainihin faɗinta ba, wayar kan ɗauka cewa faɗin shafin fiksel 980 ne, sai ta matse shi gaba ɗaya ya shiga allonta. Nan ne asalin rubutun nan mai kama da ƙwayar gero. Layi ɗaya na umarni ke magance rabin wannan matsala.

Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, tana da kundin ƙa'idojin sauƙaƙa shiga shafi ga kowa, wanda aka sani da WCAG. Bugun 2018 na kundin ya buƙaci a iya karanta shafi a faɗin fiksel 320 ba tare da an riƙa jan sa hagu da dama ba.

Game da rubutu, fiksel 16 shi ne girman da yawancin manhajojin buɗe shafuka ke farawa da shi, kuma bai kamata a yi ƙasa da hakan a ainihin bayani ba. Launin rubutu ma abin lura ne. Rubutu mai ruwan toka a kan farin shafi yana iya yin kyau a cikin ofis, amma mai sayar da kaya a tsakar rana a kasuwar Kantin Kwari ko manomi a gona ba zai ga komai ba. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1.

Wani abin da ke wahalar da masu waya shi ne sanya sanarwa a matsayin takardar PDF, ko hoton takardar da aka buga. Irin wannan ba ya daidaita da allo, yana da nauyi, kuma idan hoto ne ba a iya neman kalma a cikinsa. Sanarwar taro ko jerin sharuɗɗa ya fi dacewa a rubuta su kai-tsaye a shafin.

Yatsa ba shi da tsini

A kwamfuta ana nuna abu da ƙaramar kibiya mai tsini. A waya kuwa yatsa ne, kuma sau da yawa babban yatsan hannun da ke riƙe da wayar, a cikin mota ko a kan tafiya. Saboda haka kamfanin Apple ya ba da shawarar kada abin dannawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi bisa ma'auninsa, Google kuma ya ce 48. Bugun WCAG na watan Oktoban 2023 ya sa 24 a matsayin mafi ƙanƙanta.

Bayan girma, akwai tazara. Bai kamata maɓallin “Goge” ya manne da na “Aika” ba. Haka nan jerin zaɓuɓɓukan da ba ya bayyana sai an ɗora kibiya a kansa ba shi da amfani a waya, domin babu kibiyar.

Tallace-tallace da sanarwar da ke faɗowa su rufe allo baki ɗaya, da ɗan ƙaramin alamar rufewa a kusurwa, suna daga cikin abubuwan da ke korar masu ziyara. Tun watan Janairun 2017 Google ya fara rage matsayin shafukan da ke yin haka a waya.

Nauyin shafi da kuɗin data

Kowane shafi yana da nauyi, wato adadin datar da waya za ta sauke kafin ya bayyana. Binciken shekara-shekara na cibiyar HTTP Archive ya nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya kai kimanin megabait 2, kuma hotuna da ƙananan shirye-shiryen da ke gudana a cikin shafi su ne suka fi cin wurin.

Lissafin a bayyane yake. Mai gigabait 1 na data zai iya buɗe shafi mai megabait 2 kimanin sau 500. Idan nauyin shafin megabait 10 ne, sau 100 kawai zai buɗe. Idan aka rage shi zuwa rabin megabait, zai buɗe sau 2,000. Ta fuskar lokaci kuma, a layin da ke tafiyar kilobit 200 a daƙiƙa, irin wanda ake samu a inda 2G kaɗai ke aiki, shafi mai megabait 2 zai ɗauki daƙiƙa 80 kafin ya kammala sauka.

Jama'a ba su da wannan haƙurin. Wani binciken da Google ya fitar a 2016 ya gano cewa kashi 53 cikin 100 na masu ziyara ta waya sukan bar shafi idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A ma'aunin da kamfanin ke amfani da shi yanzu, shafi mai kyau shi ne wanda babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Mafi sauƙin gyara yana wajen hotuna. Hoton da aka ɗauka da waya a wurin taro kan kai megabait 3 ko fiye. Idan sakataren ƙungiya ya ɗora guda 20 yadda suke, ya ɗora wa kowane mamba nauyin megabait 60. Za a iya rage kowane hoto zuwa kilobait 100 ko 200 ba tare da ido ya ga bambanci a allon waya ba, musamman idan aka yi amfani da nau'in hoto na WebP. Za a kuma iya tsara shafin ta yadda hoto ba zai sauka ba sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Bidiyo kuwa kada ya fara wasa da kansa sai an danna shi.

Akwai kuma ƙarfin wayar kanta. Waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa takan daɗe tana sarrafa shirye-shiryen da aka cusa a shafi ko da netwok yana da kyau, kuma hakan na cinye batir, abin da ke da tsada a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Manyan kamfanoni sun fahimci haka tuntuni: Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, Google kuma ya fitar da Android Go a 2017, duk domin ƙananan wayoyi da raunin netwok.

Fom: inda aka fi yin asarar mutane

Yawancin abin da ke kai mutum shafin ƙungiya ko na hukuma yana ƙarewa ne da cike fom. Kowace tambaya da aka ƙara, ƙarin wahala ce ga mai rubutu da yatsa ɗaya. Ya kamata a tambayi abin da ake buƙata kawai. Wannan ya yi daidai da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta tanadi kada a tattara bayanan mutum fiye da abin da manufar ta buƙata.

Inda ake son lamba, kamar NIN ko BVN masu lambobi 11, ko lambar asusun banki mai lambobi 10, ana iya umartar waya ta fito da madannin lambobi kai-tsaye. Gurbin lambar waya ya karɓi lambar ko an fara ta da 0 ko da +234. Sunan kowane gurbi ya kasance a samansa, kada ya ɓace da zarar an fara rubutu.

Idan aka yi kuskure, shafin ya nuna gurbin da kuskuren yake, ya faɗi abin da za a gyara, ba tare da ya goge sauran amsoshin ba. Dogon fom kuma a raba shi mataki-mataki, a riƙa adana abin da aka cike, ta yadda idan netwok ya ɗauke ko kira ya shigo, mutum zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Sharaɗin ɗora hoton fasfo da bai wuce wasu 'yan kilobait ba shi ma yana tura mutane shagon intanet, domin ba kowa ne ya san yadda ake rage hoto ba. Shafin da kansa zai iya karɓar hoton ya rage shi.

Harshe da haruffan Hausa

Shafin da aka yi domin masu jin Hausa yana da ƙarin abin lura. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a rubutun Jamhuriyar Nijar, duk suna cikin tsarin haruffa na duniya, Unicode. Amma ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. Idan aka zaɓi wanda ba shi da su, sai mai karatu ya ga ƙaramin akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma.

Wasu fom ɗin kan ƙi karɓar suna mai ɗauke da waƙafin sama, kamar Sa'adatu ko Mu'azu ko Rabi'u, ko mai harafi mai ƙugiya kamar Ɗanjuma, su ce sunan ba daidai ba ne. Wannan kan tilasta wa mutum ya sauya rubutun sunansa, abin da ke iya jawo saɓani da sauran takardunsa.

Gurbin bincike na cikin shafi ma ya kamata ya gane cewa mutane da yawa ba sa rubuta ƙugiya a waya. Wanda ya rubuta “kungiya” ya samu sakamakon “ƙungiya”. Sannan fassarar maɓallai ta kasance gajeriya kuma sananniya, domin jimlar Hausa kan fi ta Ingilishi tsawo, kuma wurin kaɗan ne.

Masu buƙata ta musamman

Makafi da masu raunin gani suna amfani da manhajar da ke karanta musu abin da ke allo, irin su TalkBack a wayoyin Android. Ba koyaushe manhajar ke iya karanta rubutun da ke cikin hoto ba, kuma maɓallin da ba a ba shi suna ba, sai dai ta ce “maɓalli” kawai. Don haka kowane hoto mai ma'ana yana buƙatar gajeren bayani a rubuce, kowane maɓalli kuma yana buƙatar suna. Bai kamata a hana faɗaɗa shafi da yatsu ba, saboda dattawa da masu raunin ido sun dogara da hakan.

Najeriya tana da Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Kamar yadda ake buƙatar gini ya samu hanyar keken guragu, haka shafin da jama'a ke neman haƙƙinsu ta cikinsa yake buƙatar hanyar da kowa zai bi.

Shin sai an yi manhaja?

Ƙungiyoyi da dama kan ɗauka cewa mafita ita ce a gina manhajar da za a sauke a waya. Sai dai manhaja tana da tsada wajen ginawa da kulawa, tana cin data wajen saukewa da sabuntawa, kuma tana cin wuri a wayar da ta riga ta cika da hotuna da saƙonnin murya. Mutane kan goge manhajar da ba sa buɗewa kullum. Ga ƙungiyar da mambobinta ke shiga sau ɗaya a wata don biyan kuɗi ko duba sanarwa, shafi mara nauyi da ke buɗewa daga adireshin da aka tura ta WhatsApp ya fi amfani.

Har ila yau, akwai waɗanda ba su da babbar waya. Domin su, yana da kyau a bar hanyar saƙon tes, ko lambobin dannawa irin waɗanda bankuna ke amfani da su, ko lambar da za a kira.

Gwaji kafin a biya kuɗin aiki

Shugaban ƙungiya ko jami'in da ya ba da kwangilar gina shafi ba ya buƙatar sanin fasahar kafin ya tantance aikin. Akwai kayan awo na kyauta, irin su PageSpeed Insights, inda ake sanya adireshin shafi a ga sakamakon saurinsa a waya tare da jerin abubuwan da ke buƙatar gyara.

Amma gani ya kori ji. A nemi waya mai sauƙin kuɗi, wadda ta kwana biyu a hannu, a kashe intanet ɗin ofis, a kunna datar layi. A miƙa ta ga mambobi huɗu ko biyar waɗanda ba su taɓa ganin shafin ba, ciki har da dattijo da wadda ba ta saba da Ingilishi ba. A ce su yi rajista, ko su nemo ranar taro na gaba, sannan a yi shiru a kalle su ba tare da an taimaka ba. Duk inda suka tsaya suna juya waya, nan ne gyara yake.

Yana da kyau a rubuta sharuɗɗan a cikin yarjejeniyar aikin tun farko: iyakar nauyin shafi, da lokacin buɗewarsa a raunin netwok, da karɓar haruffan Hausa, da adana fom idan layi ya yanke. A kuma maimaita gwajin duk lokacin da aka ƙara wani abu, domin shafin da ya fara da sauƙi yakan yi nauyi a hankali yayin da ake ta ɗora masa hotuna da sanarwa.

Yawancin waɗannan gyare-gyare ba sa buƙatar sabon shafi ko kuɗi mai yawa. Rage hotuna, da ƙara girman rubutu, da cire tambayoyin da ba dole ba a fom, aiki ne na 'yan kwanaki. Amfaninsa kuwa zai bayyana ne a wurin mambar da ke ƙauye, wadda za ta biya kuɗin ƙungiyarta ko ta nemi tallafi daga ɗakinta, ba tare da ta biya kuɗin mota ko ta miƙa wa wani kalmar sirrinta ba.